Baffa ya ɗauke wa Hajja taskirar kaɗinta: hutu ne ko takura?

Jikar_Hajja:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ce ta tsaya mini a rai, na ce bari in kawo ta nan ko na samu shawara.

Kakarmu ta wajen uba, Hajja muke ce mata, ta doshi tamanin. Bara da damina ɗakinta na cikin gari ya tsage, sai Baffa ya ɗauko ta ya dawo da ita gidansa a sabuwar unguwa. Ɗaki da banɗaki a ciki, ga tayil, ga fanka, har talabijin ya sa aka kafa mata a bango. Allah ya saka masa da alheri, ba a nan maganar take ba.

Tun da na buɗe ido na san Hajja, hannunta ba ya zama haka nan. Bayan asuba karatu har rana ta fito. Da hantsi ta jawo taskira ta kama kaɗi, rediyo na gefe yana ta yi. Bayan la'asar ɗinkin faifai. Ga kajinta, ga tunkiya ɗaya da take kiwo saboda layya. Yanzu Baffa ya ce duk a daina. Kajin an rabar, taskirar ya sa an kai sito. Hujjarsa wai idan abokansa suka shigo gaishe ta suka tarar da ita da auduga a cinya, za a ce ya kasa riƙe uwarsa. Ta zauna ta huta ta ja carbi, duk abin da take so a sayo mata.

To tun da aka yi haka Hajja ta yi shiru. Ba ciwo ba ne, tana ci tana sha. Amma matar da in ka zauna kusa da ita sai ka ji asalin kowa a dangi har kakan kaka, yanzu daga "lafiya lau" sai "Allah ya yi albarka". Shekaranjiya na same ta tana murza gefen zanenta da yatsu biyu kamar mai murza mazari. Sai da na fita waje na share hawaye.

Baffa ne da gaskiya, ni ce na ɗauki abin da zafi? Ku kuma naku kakannin da me suke cinye yini?

Abu_Hanif:
Wa alaikumus salam. Ni dai ban ga laifin Baffanki ba. Matar da ta shekara sittin tana surfe da niƙa da goyo, yanzu Allah ya hore wa ɗanta, ai lokacin hutunta ne. Da yawanmu addu'ar da muke yi ke nan, Allah ya ba mu abin da za mu hutar da iyaye. Shirun kuma baƙunta ce, za ta saba.

Maman_Walida:
@Abu_Hanif wata nawa ake baƙunta? Ta ce tun bara da damina fa. Malam, ku maza duk abin da mace ta yi da hannu wahala kuke ɗaukarsa. Surfe wahala ne, na yarda, amma kaɗi ba surfe ba ne. Tawa kakar har ta kusa rasuwa tana ɗinkin hula, kuma ba don kuɗin ba, 'ya'yanta bakwai kowa na yi mata aike. Hula ɗaya sai ta yi wata biyu a kanta, in ta gama ta ba jikan da ya fi jin aikenta. An sace mata awaki uku a dare ɗaya, ta ce Allah ya isa ta ci gaba da harkarta. Ranar da ido ya hana ta zura zare a allura kuwa, kuka ta yi.

Ɗan_Kurmi:
Ku tsaya tukuna, wai har yanzu akwai mai kaɗi a Kano? Ina take samun audugar? Wa ke sayen zaren?

Jikar_Hajja:
@Ɗan_Kurmi akwai 'yar ƙanwarta da ke aure wajen Malumfashi, ita ke aiko mata da ƙunshin auduga duk kaka, da anguryarta da komai. Da kanta take gurzawa a kan dutse da ɗan ƙarfen nan, ta shiɓe da baka, sannan ta hau kaɗi. Tana da allin da take dangwalawa a yatsu don kada mazarin ya riƙa suɓuce mata. Da can wani tsohon masaƙi ne ke zuwa karɓar abawar, shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Yanzu tarawa kawai take yi. Ta taɓa ce mini da masaƙa na nan kamar da, da zaren hannunta za a saƙa mata likkafani. Ina jin har wannan maganar na cikin abin da Baffa ba ya son ji.

Gardin_Zariya:
'Yar uwa, kin ce tana karatu bayan asuba. Shi ma ta daina, ko shi yana nan?

Jikar_Hajja:
Malam, ka taɓo wani wurin. Ba a hana ta ba, wa zai hana? Sai dai Alƙur'aninta na cikin gafaka an bar shi a tsohon gida wajen kwashe kaya, don duk ya rarrabu, warƙa-warƙa ne. Baffa ya kawo mata sabo dal daga Saudiyya mai ruwan zinare a gefe. Ta karɓa ta yi godiya ta sa a kan filo. Yanzu da ka take karatun, surorin da ta haddace kawai. Na tambaye ta, ta ce baƙaƙen sun yi mata baƙunta. Mun ɗauka ido ne.

Gardin_Zariya:
Ba ido ba ne, ko kuma in ce ba ido kaɗai ba ne. Nata na gafaka Warash ne, na Baffa kuma Hafsu ne. Duk wanda ya yi makarantar allo a ƙasar nan kafin Islamiyyu su yawaita, da Warash ya tashi, kuma har rubutun ya bambanta. Misali ɗaya zan ba ki. A rubutunmu na allo, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama. A bugun Madina, fa ce ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf na da biyu. Kin ga ke nan duk inda Hajja ta ga fa a sabon, ƙaf idonta zai karanta mata. Ga kuma kalmomin da ƙira'ar kanta ta saɓa, ita ta saba da "maliki" a Fatiha ba ja, a can da ja. Tsohuwar da ta yi babbaƙu da farfaru tun tana 'yar shekara shida, ba yau za a sauya mata ba, kuma tsoron kuskure a cikin littafin Allah zai sa ta rufe.

Ki je tsohon gidan ki ɗauko gafakar. In wasu warƙoƙin sun ɓace, ki shiga Kurmi wajen masu littattafai ki ce bugun Warash mai manyan baƙaƙe kike so. Wannan ko shawarar Baffa ba ya buƙata.

Ɗan_Kurmi:
Gaskiyar Malam. Akwai shi, har mai izu biyar-biyar a rarrabe, ya fi sauƙin ɗauka ga tsofaffi.

Nas_ta_Gusau:
Wannan magana ta tuna mini da abin da ke ƙona mini rai a wajen aiki. In ana cike wa tsohuwa takarda aka zo gurbin ilimi, sai yaron da ke rubutawa ya dube ta kawai ya rubuta ba ta yi karatu ba, ko tambaya babu. Rannan na ga wata baba tana jiran layi da ɗan littafin waƙar wa'azi na ajami a hannu, ta kai shi kusa da hanci tana bi da yatsa. Na duba katinta, an rubuta ba ta yi karatu ba. Yaron da ya rubuta kuwa in ka ba shi littafin nan ko layi ɗaya ba zai fitar ba.

Game da tambayarki kuma, @Jikar_Hajja, ta fuskar lafiya ina bayanki. Tsoho in ya daina motsa hannu ya daina hira, jiki da ƙwaƙwalwa saurin sauka suke yi, mu muke ganinsu. Abin da zan yarda a hana shi ne zama cikin hayaƙi, irin suyar ƙuli-ƙuli ko dahuwar kalwa. In tana tari a rage shiɓa a cikin ɗaki saboda ƙurar auduga, ta yi a tsakar gida. Kuma duk da bayanin Malam, a kai ta a duba idon. Yanar ido a wannan shekarun ba abin mamaki ba ce, aikinta kuma ba ya daɗewa.

Abu_Hanif:
To ni na ji na littafi, wannan kuskure ne a gyara. Amma kaji a gidan tayil fa? Ku faɗi tsakani da Allah, wa zai riƙa sharar kashin? Matar Baffan ce. Sai mu tausaya wa tsohuwa mu manta da surukarta.

Uwargida_Hotoro:
Allah ya yi maka albarka @Abu_Hanif, wannan karon ka faɗi gaskiya. Ni da surukata muke zaune shekara tara. Ina ƙaunarta, amma ranar da ta shanya kuka da kuɓewa a kan mota sabuwa, ni maigidan ya yi wa faɗa. Sai da muka yi mata keji a bayan gida muka ba ta taburma biyu na shanya sannan aka zauna lafiya.

Basakkwata:
Salamu alaikum. Ni batun karatun nan na tsohhi shi ya jawo ni. Kakarmu ba ta san boko ba ko kaɗan, amma waƙoƙin Nana Asma'u na Hausa da ka take zubo su, in tana kaɗi ko tana tsintar shinkafa. Ta ce wajen kakarta ta ɗauka, ita kuma cikin 'yan taru ta tashi, matan da jaji ke jagoranta daga ƙauyuka zuwa ɗaukar karatu, jajin da malafa bisa kai. Nana ta rasu tun 1864, ku duba tsawon zamanin da abin ya yi yana tahiya daga baki zuwa baki. Abin da ni lura da shi, in anka ce ta zauna ta rera muna, sai ta kakare a baiti na uku. Amma a miƙa mata faifai da shinkafa, sai ta kai ƙarshe ba ta tsaya ba. Kamar waƙar a yatsunta take.

Jikar_Hajja:
@Basakkwata wallahi kin faɗi abin da na kasa faɗa. Haka Hajja take da labari. Duk abin da na sani na danginmu a bakin taskirar nan na ji shi. Mazari na juyawa a cikin 'yar tasa, ita tana jan zaren sama har hannunta ya miƙe, sai ta ce "af, na taɓa gaya miki yadda aka yi kakanki ya sayar da jakinsa ya hau jirgin ƙasa?" Ba a tambayarta, da kansa yake zuwa.

Sarkin_Tsokana:
Ni kakata sana'arta ɗaya, tsokanata. Ina shiga za ta ce ga mijin banza ya zo hannu rabbana, ko goron naira hamsin babu. In na kai mata goron ta ce daushe ne. Da na yi aure ta ce wa amaryata kishiya, ta ce ta zo ta karɓi ragowa. Yau shekara uku da rasuwarta, har yanzu in na ga farin goro sai na taya.

Maman_Walida:
Allah ya jiƙanta. Kai ma ka sa ni hawaye da safiyar nan.

Mai_Lissafi:
@Jikar_Hajja kin ce ta doshi tamanin. Da takarda kuka sani ko ƙiyasi ne? Ina tambaya ne don ni ma ina fama da na tamu, katinta an rubuta 1 ga Janairu kamar na kowa.

Jikar_Hajja:
Ƙiyasi ne. Ta ce shekarar da Sarauniya ta zo tana tallar fura, ba ta fara ɗaura zane a ƙirji ba. An kai ta ɗaki ana gab da bikin 'yancin kai. Baffa kuma, wanda ba ta faɗin sunansa har gobe saboda ɗan fari ne a wajenta cikin waɗanda suka rayu, tana goyonsa aka kashe Sardauna. Babanmu an yaye shi shekarar canjin kuɗi.

Mai_Lissafi:
To ai ta ba ki komai. Sarauniya ta zo 1956, 'yancin kai 1960, Sardauna Janairun 1966. In tana da shekara tara ko goma a 1956, haihuwarta wajen 1946 ko 1947 ke nan, aurenta a sha uku ko sha huɗu, daidai da yadda ake yi lokacin. Canjin kuɗi kuma 1972.

Ɗan_Kurmi:
Gyara kaɗan, Mai_Lissafi. 1972 canjin hannu ne, da motoci suka koma bin dama, a watan Afrilu. Naira da kwabo 1 ga Janairun 1973 suka fito. Mahaifina a kasuwa yake lokacin, ya ce tsofaffi sun yi shekaru suna ce wa kwabo goma sule, kwabo biyar sisi. Sai a tabbata kuma wane canjin take nufi, don an sake wani a 1984 zamanin Buhari na soja, da aka sauya launin takardun.

Mai_Lissafi:
Na karɓi gyara. Tunda tazarar Baffa da babanta ba za ta kai shekara goma sha takwas ba, na 1973 ne.

Jikar_Hajja:
Na 1973 ne. Har yau in ta so ta raina kuɗin da aka ba ta sai ta ce "wannan ko toro bai kai ba". Kuma da ajamin jikin takardar take gane kuɗi. Ɗari biyar da dubu ba a cutarta, amma tun da aka cire ajamin daga ƙananan sai ta riƙa miƙo mana mu duba mata.

Ɗiyar_Maraɗi:
Mu ma nan haka tsohhinmu ke lissafi, da yunwa da fari. Kakata in ta ce "shekarar El-Buhari" to 1984 take nufi, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyaka, hatsi ya daina shigowa daga Najeriya. Ta ce a shekarar ta saida kwallayenta na jere ɗaya bayan ɗaya, ta bar guda. Gudan nan yana nan, duk ya ɓamɓare, a ciki take aje goro da rediyonta da ragowar batir. An sai mata kwanoni masu tsada, ba ta ko kallonsu. Wata jikanya ta taɓa ɗaukar shi za ta zuba wa kaji ruwa, ranar mun ga ɓacin ran da ba mu taɓa gani ba. Shi ya sa ni ke cewa, @Jikar_Hajja, taskirar nan ba auduga kaɗai ke cikinta ba.

Ɗan_Zongo:
Gaisuwa daga Kumasi. Kakata a Zongo aka haife ta, kakanta fataken goro ne daga Kano. Ita labarinta ɗaya ne, 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su fita. Rabin gidansu suka hau mota zuwa Najeriya, ƙasar da wasunsu ba su taɓa gani ba, ita ta tsaya saboda aure. Tana dama koko tana lissafa sunayen waɗanda suka tafi, kullum da jeri ɗaya. Da wannan jerin na nemo wani reshe namu a Facebook shekara biyu da suka wuce. Shawarata, ki ɗauki muryarta a waya tun tana nan. Ni na yi sakaci, rabin sunayen sun ɓace mini.

Jikar_Hajja:
Na gwada fa. Na ajiye waya a gabanta na ce Hajja ba ni tarihinki. Sai ta gyara lulluɓi, ta yi gyaran murya, ta yi salati, ta yi wa shugabanni addu'a, ta gode wa Baffa, ta ce shi ke nan a kashe. Minti biyu.

Malamar_Tarihi:
Hahaha, duk haka suke yi. Kalmar "tarihi" ce ta tsorata ta, a wajensu tarihi na sarakuna da malamai ne. Kada ki ce ta ba ki tarihi. Ki tambaye ta nawa aka sayi gadonta na aure, wa ya yi mata ƙunshi, wace miya aka yi ran suna, ina rijiyar da suke ɗiba. Daga miya za ki tsinci kanki a rikicin gado.

Kuma kada ki raina abin. Akwai wata tsohuwa, Baba ta Karo, da wata Baturiya Mary Smith ta zauna da ita a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 tana rubuta abin da take faɗa. Aure, kishi, goyo, ƙawance, harin bayi, zuwan Turawa, duk yadda mace ta gan su daga cikin gida. Littafin ya fito 1954, har yau masu nazarin rayuwar matan Hausa ba su da kamarsa. Baba ba 'yar sarki ba ce, ba malama ba ce. Irin Hajjarki ce.

Sarkin_Tsokana:
Ki tura wayar ƙarƙashin taskira kawai ba tare da ta sani ba.

Gardin_Zariya:
A'a, ban goyi bayan wannan ba. Zama amana ne. Abin da ta gaya wa jikarta a ɗaki ba shi ne za ta so duniya ta ji ba. A nemi izininta.

Ba_Suna:
Ku saurari Malam. Na ɓoye sunana saboda abin da zan faɗa. Ƙanena ya naɗi kakarmu a ɓoye tana hira, ya ji daɗin labarin ya tura zauren WhatsApp na dangi ba tare da ya saurara har ƙarshe ba. A tsakiya ta faɗi cewa wani ɓangare na gidanmu asalinsu bayin kakan kakanmu ne da aka 'yanta suka zauna, aka yi ta auratayya. Ita ba da mugunta ta faɗa ba, a wajenta tsohon zance ne da kowa ya sani. Amma jikokin ba su sani ba. Akwai baikon da ya lalace a kan maganar nan, akwai gidan da shekara biyu ke nan ba su zo mana gaisuwar salla ba. Tsohuwar ta rasu tana cewa ita ta raba zumunci. Ba duk abin da ke cikin adudu ake shanyawa ba.

Malamar_Tarihi:
Innalillahi. Wannan darasi ne, na gode da ka faɗa. Amma laifin turawa ne, ba na ɗauka ba. Kusan duk tsohon gida a ƙasar nan in aka tona za a samu irin wannan, bauta ba a haramta ta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, jiya-jiya ke nan a lissafin kakanni. A ɗauka da izini, a ajiye a hannun mutum ɗaya mai hankali.

Gaskiya_Ɗaci:
Ni ku yi haƙuri, duk kun mai da kakanni waliyyai. Tawa ta wajen uba ita ta fitar da mahaifiyata daga gidan, ina da shekara biyar. Labaran da take ba mu da dare duk na yadda dangin uwarmu ba su da asali ne. Ta iya tatsuniya, ta iya dambu, kuma ta iya raba aure. Da na girma na je na ji ta bakin ɗaya kakar, sai na ga ashe kowace da nata tarihin. In za ku ɗauka ku ɗauki ɓangare biyu.

Maman_Walida:
Allah ya huci zuciyarki 'yar uwa. Ba ki yi ƙarya ba, akwai su. Allah ya yafe musu, mu ma ya hana mu zama irinsu in mun tsufa.

Abu_Hanif:
Shi ya sa na ce carbin ya fi. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da tone-tonen asali me za su ƙara wa mai shekara tamanin?

Basakkwata:
Malam Abu_Hanif, wa ya ce maka mai kaɗi ba ta zikiri? Bakinta ai ba shi cikin taskira. Tsohhin nan sun fi mu sanin lokacin kowane abu. Tatsuniya ko da wasa ba su yin ta da rana, sai bayan isha'i, kuma in sun gama su da kansu ke cewa "ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya". Mai faɗa maka da bakinta cewa ƙarya ce, ita ka ke tsoro, ba wayar da ke hannun ɗiyanka ba?

Sarkin_Tsokana:
Malam ya sha duka, a kawo ruwa.

Uwargida_Hotoro:
Mu dawo kan tambayar yarinyar nan. @Jikar_Hajja kada ki tunkari Baffa da kanki, ke 'ya ce, zai ji kamar kina koya masa riƙon uwarsa. Ba shi da 'yar uwa mace? Ki bi ta wajen Goggo. Ko ki samu matarsa ku haɗa baki, in ita ta ce ba ta damu ba rabin hujjarsa ta faɗi. Kuma ku ba shi mafita, namiji ba ya son a ce ya janye. A ce nas ce ta ba da shawara, ga @Nas_ta_Gusau nan ta faɗa, ba ƙarya kuka yi ba.

Nas_ta_Gusau:
Na yarda a ambace ni, amma da sharaɗin a kai ta duba ido.

Jikar_Hajja:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda aka kwana. Ranar Asabar na je tsohon gida na ɗauko gafakar, a kan katanga na same ta cikin buhu, Allah ya sa ruwa bai taɓa ba. Da na miƙa mata ba ta ce komai ba, ta kwance igiyar ta shinshina, ta fara jera warƙoƙin da kanta ba ta ko duba lamba. Ta ce biyu babu, daga cikin Kahfi. @Ɗan_Kurmi zan shigo.

Goggo ta yi wa Baffa magana. Kaji dai ya ce a'a, ko da keji. Taskira kuma bai ce e ba bai ce a'a ba, cewa ya yi "ku kuka sani". Matarsa da kanta ta buɗe siton ta ɗauko. Yanzu tana ƙarƙashin gado, in ya fita kasuwa a jawo, in an ji ƙarar motarsa a tura. Ina zargin ya sani, don jiya ya cire zaren auduga daga hannun rigarsa ya dube shi ya yi shiru.

Batun ɗaukar murya na tambaye ta kamar yadda Malam ya ce. Ta ce za ta yi tunani, kuma in ta yarda ba da maganar kishiyarta a ciki ba, sannan nawa zan biya.

Abu_Hanif:
To ai kun mai da Baffan dodo a gidansa. Ni har yanzu ina ganin da an bar ta ta huta.

Ɗan_Kurmi:
@Jikar_Hajja in za ki shigo ki zo da warƙar da ke kafin waɗanda suka ɓace da ta bayansu, akwai mai rubutun da zai cike mata da hannu. Ki tambayar mini ita kuma ko za ta sayar da abawar nan, akwai wanda ke nema.

Jikar_Hajja:
Na tambaye ta. Ta ce wanda ke saman adudu na sayarwa ne, na ƙasa ba na sayarwa ba ne.